Kalmomin Sirri: Ina Ɗan Kasuwa Zai Ajiye Mabuɗan Dukiyarsa?

Legas — A watan Mayu na shekarar 2021, kamfanin Colonial Pipeline, mai babban bututun da ke kai man fetur gabashin Amurka, ya dakatar da aiki na kwanaki, har gidajen mai da yawa suka ƙafe. Bincike ya nuna cewa masu kutse sun shiga na'urorinsa ne ta wani tsohon asusun ma'aikata da aka manta ba a rufe ba, da kalmar sirri guda ɗaya tak. Sai da kamfanin ya biya fansar kimanin dala miliyan 4.4.

Ɗan kasuwar Nijeriya ba shi da bututun mai, amma yana da ƙofofi masu yawa irin wannan. Akwai manhajar banki a wayarsa, da lambar katin cirar kuɗi, da lambar tura kuɗi ta USSD, da na'urar POS ta shago, da akwatin imel, da shafin biyan haraji, da shafukan da yake tallata hajarsa. Kowace ƙofa da mabuɗinta, kuma ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta iya riƙe dogayen kalmomi ashirin ko talatin marasa alaƙa da juna. Don haka mutane da dama kan zaɓi kalma ɗaya, galibi sunan ɗa ko shekarar haihuwa, su yi ta amfani da ita ko'ina.

Wannan sauƙi shi ne jarin ɓarawo. A shekarar 2012 aka yi wa shafin LinkedIn kutse, kuma a 2016 ta bayyana cewa bayanan shiga na mutane fiye da miliyan 100 sun faɗa kasuwar ɓarayi. Masu sayen irin waɗannan bayanai kan ɗora wa kwamfuta aikin gwada kowane adireshi da kalmarsa a sauran shafuka. Duk wanda ya maimaita kalma ɗaya, to asarar da ta faru a wani kamfani da ke wata nahiya za ta iya buɗe akwatin imel ɗinsa, daga nan kuma a sauya kalmomin sauran asusunsa, ko a aika wa abokan cinikinsa takardar neman biya mai ɗauke da lambar asusun ɓarawo.

Domin magance wannan ne aka ƙirƙiro manhajojin ajiyar kalmomin sirri, irin su Bitwarden da 1Password da KeePass da LastPass, da kuma waɗanda kamfanonin Google da Apple suka haɗa cikin wayoyi. Aikinsu shi ne su ƙirƙiro wa kowane shafi doguwar kalma ta daban, su adana ta cikin rumbu, su kuma cike ta a gurbinta idan an buƙata. Ana rikita abin da ke cikin rumbun ta hanyar lissafi yadda ba zai karantu ba, sai da babbar kalma guda, wadda ita kaɗai mai rumbun zai haddace. A tsarin fitattun kamfanonin da suka keɓanta da wannan sana'a, su kansu ba sa ajiye babbar kalmar. Bugu da ƙari, manhajar ba ta cike kalma a shafin bogi da aka yi shi kamar na banki, domin adireshi take dubawa, abin da idon mai gaggawa kan tsallake.

To amma tambayar da mai dukiya zai yi ita ce: in aka fasa rumbun fa? Hakan ta taɓa faruwa. A watan Agusta na 2022 aka yi wa LastPass kutse, kuma a watan Disamba na shekarar kamfanin ya amsa cewa an kwafe rumbunan abokan hulɗarsa. Daga baya ya bayyana cewa ɓarayin sun bi ta kwamfutar gida ta ɗaya daga cikin injiniyoyi 4 masu izinin shiga ma'ajiyar, inda suka yi amfani da raunin wata tsohuwar manhaja suka dasa abin da ke naɗar duk harafin da ya danna. Kalmomin da ke cikin rumbunan suna kulle, amma adiresoshin shafukan da mutane ke shiga a buɗe suke. Tun da kuwa kwafin yana hannun ɓarayi, suna da damar zama su yi ta gwada buɗe shi ba tare da mai hana su ba. Wanda babbar kalmarsa doguwa ce ya sami lokacin sauya mabuɗansa, mai gajeriyar kalma kuwa ya shiga hatsari.

Lissafin a nan ya yi kama da na kai kuɗi banki. Banki wuri ne da ke jan hankalin ɓarayi, duk da haka babu mai hankalin da zai ce binne kuɗi a ɗaki ya fi shi aminci. Fasa rumbu abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, kuma ko ya faru akwai sauran makulli a gaba. Satar kalmar da aka maimaita kuwa sana'a ce ta kullum, mai arha, wadda ba ta buƙatar gwaninta. Hukumar NIST, mai tsara ƙa'idojin fasaha a Amurka, ta karkata ga wannan ra'ayi a jagorar da ta fitar a 2017. Ta fifita tsawon kalma a kan cakuɗa alamomi, ta shawarci ma'aikatu su daina tilasta sauya kalma a kai a kai in babu alamar an sace ta, ta kuma nemi shafuka su bar ƙofa ga masu amfani da manhajojin ajiya.

Saboda haka amincin rumbu ya rataya ne a kan sharuɗɗa. Babbar kalma ta kasance jerin kalmomi biyar ko shida marasa dangantaka, ba karin magana ko baitin waƙa da kowa ya sani ba, kuma kada a yi amfani da ita a wani wuri. A kunna tabbaci na biyu, wato lambar da ke sauyawa a waya, ga rumbun da imel da banki. Ta manhaja ta fi ta saƙon tes, domin 'yan damfara kan karɓe layin mutum. Lambobin katin banki da na USSD, masu gajarta, a bar su a ka, kada kuma a faɗa wa kowa ta waya, ko da ya ce daga banki yake. Wanda bai yarda ya ajiye rumbunsa a intanet ba yana iya amfani da KeePass, mai adana shi a kwamfutar mai shi, sai dai nauyin ajiye kwafi ya koma kansa. Littafin rubutu da aka kulle a gida ma ya fi maimaita kalma, muddin bai kwana a aljihun tebur na shago ba.

Ga kamfani mai ma'aikata, kowa ya sami nasa mabuɗin, a kuma rufe asusun duk wanda ya bar aiki a ranar da ya tafi, wanda shi ne darasin Colonial Pipeline. Akwai kuma batun da 'yan kasuwa ba su cika son tattaunawa ba, wato rashin lafiya ko rasuwa. Idan babbar kalma ta tafi da mai ita, ba lalle ne kamfanin manhajar ya iya buɗe rumbun ba, kuma magada da masu bin bashi su ne za su sha wahala. Rubuta ta a takarda, a rufe cikin ambulan, a ajiye tare da takardun gida da wasiyya, ya wadatar.

A watan Mayu na 2022, Apple da Google da Microsoft sun sanar da goyon bayansu ga sabon tsarin shiga da zanen yatsa ko fuska a madadin kalma, kuma manyan shafuka da dama sun karɓe shi. Kafin ya game ko'ina, ɗan kasuwa na iya farawa da aiki na awa guda: ya lissafa asusunsa duka, ya ga guda nawa ne ke buɗewa da kalma ɗaya, ya fara gyara daga imel.