Wace Rana Ta Fi Dacewa A Yar Da Karan Sigari?

Kusan kowane mashayin sigari yana da ranar da ya ɗibar wa kansa ta dainawa, sai dai ranar ba ta cika zuwa ba. Wani ya ce sai ya aurar da 'yarsa, wani kuwa sai kwalin da ke aljihunsa ya ƙare. Kwalin ya ƙare, a sayo wani.

Likitoci ba su yarda da ranar da ba ta da suna ba. Shawararsu ita ce mutum ya tsai da rana guda, kada ta wuce mako biyu daga sa'ad da ya ƙudura niyya, don kada zafin niyyar ya huce. A shekarar 2016 masu bincike na Jami'ar Oxford ta Ingila suka bayyana sakamakon gwajin da suka yi da mashaya kusan 700, dukansu an tallafa musu da maganin rage ƙawar taba. Cikin waɗanda suka yanke gaba ɗaya a ranar da aka sa, 49 bisa ɗari ba su koma ba bayan mako huɗu. Cikin masu ragewa sannu-sannu kuwa, 39 ne kawai.

Dalilin zaɓen rana yana cikin jini. Nikotin, wato sinadarin da ke ɗaure mashayi, yakan ragu da rabi cikin awa biyu ko makamancin haka, shi ya sa hannu ke komawa aljihu ba da jimawa ba. In an daina, wahalar takan kai ƙololuwa cikin kwana uku na farko: saurin fushi, rashin barci, hankali ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Daga nan sai ta riƙa sauka cikin mako biyu zuwa huɗu. Saboda haka direban da zai ɗauko kaya daga Legas zuwa Kano, ko ɗalibin da jarrabawa ta ƙarato masa, bai kyautu ya haɗa kwanakin nan uku da wannan nauyi ba.

Ga Musulmi kuwa, ba lokacin da ya kai watan azumi. Mutumin da ke rantsuwa ba ya iya awa guda ba taba, sai ga shi ya kame daga alfijir har faɗuwar rana, fiye da awa goma sha biyu, abokan shan nasa ma duk sun kame. Amma tarkon yana wajen buɗa baki. Da yawa dabino bai gama sauka ba sun ƙyasta ashana, su zuƙi kara biyu ko uku a jere, wahalar yini ta tafi a banza. Wanda ke son cin moriyar watan, tun cikin Sha'aban zai shirya: ya gaya wa iyalinsa, ya ga likita, ya fid da sauran sigari daga gida kafin a ga wata, ya kuma san inda zai nufa bayan Magariba, ba dandalin da ya saba ba.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. Hayaƙin taba yana sa hanta ta yi saurin narkar da sinadarin hana barci da ke cikin goro da shayi. In an daina, goron da mutum ya saba ci sai ya fi ƙarfinsa, gara a rage shi a makonnin farko.

Sai kuma ranar Salla. Kwana talatin sun isa jiki ya lafa, amma ba su isa hannu ya manta ba, kuma a wajen yawon Salla ne tsohon aboki yakan miƙo kara ɗaya, ya ce ai ɗaya ba ta yin kome.