Yadda Ciyawa Ta Tilasta Wa Jihohi Shida Zama Wuri Ɗaya

Duk ɗalibin da ya taɓa bin hanyar Haɗeja zuwa Nguru ya san ta, ko da bai san sunanta ba. Ciyawa ce doguwa, ta fi mutum tsawo, kanta da wani abu mai kama da zangarniyar gero, tana tsaye cikin ruwa hagu da dama har iya ganin ido. Mutanen yankin suna kiran ta kacala. Baƙo kan ce, "Kai, wannan wuri da ni'ima yake!" Ɗan gari kuwa sai ya girgiza kai, don ya san akwai gonar shinkafar da kakansa ya noma a ƙarƙashin wannan koren.

A wannan makon mun ɗauko labarin kacala ne saboda wata tambaya da malaman nazarin tattalin arziki kan jefa muku a aji: wa ya kamata ya tsara ci gaban yanki? Amsar da ke cikin littafi gajera ce. Wadda ke bakin kogin Haɗeja ta fi ta tsawo, kuma ta fi ta ciwo.

Bari mu fara da taswira. Kogin Kano da kogin Calawa suna haɗuwa su zama kogin Haɗeja. Kogin Jama'are kuma yana gangarowa daga tsaunukan Jos, ya ratsa Bauci. Idan suka iso shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke tsakanin Haɗeja, Nguru da Gashuwa, sai su rarrabu cikin magudanai masu yawa, su bazu su zama fadama. Daga nan ruwan ya sake tattaruwa ya zama kogin Yobe, ya bi iyakar Nijeriya da Nijar ta wajen Diffa, ya faɗa Tafkin Cadi. Ana ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan 15 ne ke zaune a ƙasar da waɗannan koguna ke shayarwa.

A da, fadamar tana da nata tsarin da kowa ya sani. Ruwa ya cika da damina, manomi ya shuka shinkafa, masunci ya jefa komarsa. Ruwa ya fara ja, a bi sawunsa da wake da kayan lambu. In rani ya yi tsanani, Fulani su sauko da shanu su ci ɗanyar ciyawa, su bar taki. Mata suna bandar kifi, suna saƙa tabarmar kaba, wasu suna tara kanwa. Fili ɗaya, sana'a huɗu ko biyar, kowace da lokacinta. Bahaushe da Babade da Babarbare da Bafulatani duk a nan suke ci. A shekarun 1960 ambaliyar da ke ciyar da su kan rufe kimanin murabba'in kilomita 2,000.

A shekarar 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, a 1992 kuma aka kammala ta Calawa. Kada mu yi wa madatsun nan rashin adalci. Idan kana karanta wannan shafi a birnin Kano, mai yiwuwa ruwan da ka yi alwala da shi yau daga can ya fito. Shinkafa da tumatirin Kura da Kadawa ma albarkarsu ce. Matsalar ita ce, lokacin da ake zana aikin, idon masu zanen yana kan gonakin noman rani da famfunan birni. Masuncin da ke Nguru da mai kiwon da ke jiran ciyawar rani suna can nesa, ba a kira su ba.

Ga yadda abin ya juya. Kafin madatsa, kogin Haɗeja kan cika da damina, ya kusa ƙafewa da rani. Wannan ƙafewar ce ke hana kacala sakat. Da aka fara sako ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, sai magudanan suka daina bushewa, kuma babu abin da kacala ke so irin ruwa marar zurfi da ba ya yankewa. Ta yaɗu. Saiwoyinta suka riƙe laka da yashi, hanyoyin ruwa suka toshe. Babbar ambaliyar da a da ke zuwa da ƙarfi ta wanke hanya kuma madatsa ta tare ta. Sai ruwa ya nemi inda ya fi masa sauƙi, ya karkata zuwa magudanar Marma, wadda ke kaiwa Tafkin Nguru. Gonakin wannan ɓangare suka nutse shekara da shekaru, alhali ƙauyukan da ke bakin magudanar Burum Gana suna kallon busasshen rafi. Wani na kuka da ruwa, maƙwabcinsa na kuka da ƙishi, kuma kogi ɗaya ne.

Kacalar ba ta zo ita kaɗai ba. Tsuntsayen jan-baki suka sami masauki a cikinta, su fito dubbai su sauka kan gero da shinkafa. Kwale-kwale ya kasa ratsawa. Da makiyaya ta ragu, sai shanu suka fara kutsawa gonaki, rigimar manoma da makiyaya ta ƙaru. Wasu ƙauyukan, don neman mafita, suka riƙa haƙa tasu hanyar ruwa, abin da ke ƙara rage rabon na ƙasa da su.

A farkon shekarun 1990 wani masanin tattalin arziki mai suna Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi wani lissafi da ya kamata kowane ɗalibi ya sani. Sun auna amfanin da ake samu daga ruwa in an bar shi ya isa fadama, wato noma da kamun kifi da itacen girki, suka kwatanta da amfanin ruwa daidai wannan in an tare shi don babban aikin noman rani. Na fadama ya ninka ɗayan sau da yawa. Ba su ma sa kiwo a cikin lissafin ba. Arzikin fadamar yana nan tun fil azal, sai dai a warwatse yake cikin ƙananan sana'o'in da ba sa shiga littafin ofis, shi ya sa masu tsarin farko suka tsallake shi.

Sauyin da ya biyo baya daga ƙasa ya faro. A farkon shekarun 2000, da taimakon ƙungiyoyin raya karkara, ƙauyukan yankin suka fara zaman tattaunawa inda ake kiran manomi da masunci da makiyayi da mata da masu sarauta da jami'an hukumar koguna. A irin wannan zama ne mutumin Marma ke jin cewa ruwan da ya cinye masa gona shi ne wanda mutumin Burum Gana ya yi shekaru yana jira. Sanin da ke kan tsofaffin masunta, waɗanda suka san inda kowace magudana ta bi kafin kacala ta rufe ta, ya zama abin da injiniya ke buƙata. Aka kuma koma ga gayya. Matasa suka shiga ruwa da adda da lauje suna sare ciyawar, ƙauye bayan ƙauye, kowa da iyakar da aka yanka masa. Wuraren da aka buɗe, ruwa ya koma, noma da su suka farfaɗo.

Amma gayya ba za ta iya gaya wa Tiga ranar da za ta saki ruwa ba. Wannan sai gwamnatoci. A shekarar 2006 aka yi taron ƙoli a Damaturu, inda jihohin Kano, Jigawa, Bauci, Yobe, Borno da Filato tare da gwamnatin tarayya suka amince da tsari ɗaya na kula da kogunan baki ɗaya, suka kuma kafa asusun haɗin gwiwa don ayyukan gyara. A ganinmu, babban abin da taron ya cimma shi ne amincewa a rubuce cewa wanda ke sama ba shi da ikon yanke hukunci shi kaɗai.

To, an gama ke nan? Ina! Kacala tana nan, kuma in aka sare ta aka yi sakaci, damina ɗaya ta ishe ta dawowa. Alƙawarin kuɗi ya fi sauƙin yi a zauren taro fiye da cikawa. Ambaliyar 2022, wadda ta yi ɓarna mai yawa a Jigawa, ta nuna cewa ruwa mai yawa in ya tarar da hanya a toshe, gari yake shiga. Muna kuma da ƙorafi kan irin waɗannan tarurruka: ana kiran mata da matasa, amma sau da yawa a layin baya suke zama, ga shi kuwa matasan ne ke shiga ruwan.

Akwai wani sabon tunani da ya burge mu. Masu bincike a Jami'ar Tarayya ta Gashuwa sun yi gwajin mayar da kacala abincin dabbobi da iskar gas ta girki. A Senegal da Muritaniya, inda wata madatsa ta jawo irin wannan matsala, ana yin gawayi da ita. In sare kacala ya zama sana'ar da ke kawo kuɗi, ba sai an buga gangar gayya ba kafin a shiga ruwa.

Ga aikin kulob ɗinku na wannan zango. Ku zana taswirar rafi, kududdufi ko fadamar da ta fi kusa da makarantarku. Ku tambayi dattawa uku masu sana'a daban-daban, aƙalla ɗaya mace, ina ruwan ke fitowa, ina yake zuwa, wa ke amfani da shi a wane wata, kuma me ya sauya tun suna yara. Inda maganarsu ta saɓa, ku rubuta duka, kada ku zaɓi ɗaya. Ku aiko mana ta hannun malaminku, za mu buga waɗanda suka fi bayani.