Mai Gyaran Sautin Tsohuwar Bidiyo

A cikin masu gyaran rediyo da talabijin na Kano har yanzu akwai 'yan ƙalilan da ke karɓar tsohuwar bidiyo mai cin kaset. Kamfanin JVC na Japan ne ya fito da tsarin VHS a 1976, kuma Funai, kamfani na ƙarshe da ke ƙera na'urar, ya daina a 2016. Amma kaset ɗin biki da na suna da na wa'azi suna nan a akwatuna, haka finafinan Hausa na farko irin su Turmin Danya na 1990. Mai kaset yakan haƙura da hoto mai dishi-dishi. Abin da ba ya haƙura da shi shi ne ya ga bakin mahaifinsa yana motsi bai ji me ya faɗa ba.

Da an kawo na'ura, oga yakan sa kaset ɗin gwaji ya kasa kunne, don kowace matsala da irin kukanta. A yawancin bidiyoyi, sauti yana kan siririn layi a gefen zaren kaset, wani hed da ba ya juyawa ne ke karanta shi. Idan murya ta dusashe, ko dai ƙura ta toshe hed, a goge shi da sifirit, ko kuma ya karkace, a riƙa murɗa sukurorinsa kaɗan-kaɗan har magana ta fito tar. Idan murya tana rawa, robar da ke matse zare ce ta bushe, ko bel ya saki. Gunji a ƙarƙashin magana kuwa aikin kafasita ne da ta mutu. A narke dalma a cire ta, a sa wata mai lamba ɗaya. Masu Hi-Fi sun fi wuya, don hed ɗin sautinsu yana kan gangar da ke juyawa tare da na hoto, idan ya cinye sai an canja gangar.

Akwai kuma bambancin tsari. Bidiyon da aka ƙera don Ingila tana tura sauti ta wayar eriya a zangon 6.0 MHz, ta Jamus a 5.5. Idan ba ta dace da talabijin ba, hoto zai fito, sauti sai huci. Gwani yakan daidaita zangon, ko ya bar hanyar eriya ya ɗauko sautin ta jak kai tsaye zuwa sifika ko kwamfuta.

Sababbin kayan gyara sun yi wuyar samu. Wajen 'yan gwangwan yake sayen matattun bidiyoyi, ya feɗe biyu ko uku kafin ya tayar da ɗaya. Ga kuɗin man janareto da hayar rumfa, ga hayaƙin dalma da ciwon ido. Kuɗin aiki ciniki ne, kuma sau da yawa mai kaya kan ce, "Haba oga, ai kuɗin ya fi na bidiyon!" Yara masu koyo sun koma gyaran waya, inda kasuwa take.

Abin da ke riƙe sana'ar yanzu shi ne kwafe kaset zuwa filashi, a biya bisa kowane kaset. Zaren kaset yana lalacewa da zafi da danshi, masu wannan hannun kuma suna tsufa. Duk mai kaset a ajiye, gara ya kai shi tun akwai wanda ya san sukurun da zai murɗa.