Daga karar Oko-Oba zuwa ofisoshin Abuja: Yadda tsarin jadawali ke ninka alƙaluma ko ya ɓatar da su

A mayankar Oko-Oba da ke Agege, wadda ita ce mafi girma a Jihar Legas, tireloli na sauke shanun da aka loda daga kasuwanni irin su Potiskum, Maigatari da Mubi. Ciniki da yawa a karar na bashi ne: falke ya kawo shanu, dillali ya tsaya a tsakani, mahauci ya ɗauka ya yanka, kuɗi su biyo baya kashi-kashi. Littafin dillali da sanin da ya yi wa mutanensa su ne ke riƙe da wannan amana.

Shugaba Bola Tinubu ya sanar da kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi a watan Yulin 2024. Duk wani shiri na ƙidayar dabbobi, bin sawun cuta ko tara haraji sai ya mayar da irin wannan littafi zuwa rumbun bayanai na kwamfuta, kuma jami'an Abuja ne za su sa hannu a kan rahoton da zai fito. A nan ne sanin yadda rumbun ke kuskure ya zama wajibi.

Galibin rumbunan bayanai na ofisoshi suna bin tsarin da Edgar F. Codd, masanin kamfanin IBM, ya gabatar a 1970. Ƙa'idarsa ita ce a raba bayanai zuwa jadawali daban-daban, kowane bayani ya zauna wuri ɗaya tak, sannan a haɗa su da lambar shaida. A ciniki irin na Oko-Oba, hakan na nufin jadawalin mutane daban, na ciniki daban, na biyan kuɗi daban. Da yaren SQL ake yi wa rumbun tambaya, shi kuwa yana amsa abin da aka rubuta ne, ko da ba shi mai tambayar ke nufi ba.

Tarko na farko shi ne suna. Dillali ya san cewa Garba, Habu da Bukar duk Abubakar ne, kamar yadda Mamman yake Muhammadu. Kwamfuta ba ta san haka ba. A wurinta Ɗanladi mai lanƙwasa da Danladi marar lanƙwasa ma za su iya zama mutum biyu, alhali Sani Musa guda biyar za su iya narkewa su zama mutum ɗaya. Rumbun da aka gina a kan suna zai raba bashin mutum ɗaya gida uku, ko ya ɗora wa wani na wani. Maganin shi ne kowa ya samu lamba ɗaya da ba ta maimaituwa, a kuma umarci rumbun ya ƙi karɓar ta sau biyu.

Na biyu shi ne ninki. A ɗauka mahauci ya sayi shanu sau uku, goma-goma, ya kuma biya kuɗi sau biyu. Idan aka haɗa jadawalin ciniki da na biya ta lambarsa kawai, kowane ciniki zai haɗu da kowane biya, layuka 6 su fito. Shanu 30 sai su koma 60, kuɗin da ya biya kuma su ninka sau uku, har ya zama kamar shi ke bin falke. Kwamfutar ba za ta nuna alamar kuskure ba, domin lissafinta daidai ne. Gyaran shi ne a fara tara jimillar kowane jadawali shi kaɗai, sannan a haɗa.

Na uku ya fi haɗari, domin ba ya barin sawu. Haɗin da aka fi amfani da shi yana fitar da layukan da ke da abokin tafiya a jadawali biyun ne kaɗai. Mahaucin da bai biya ko sisi ba ba shi da layi a jadawalin biya, don haka sai ya ɓace daga rahoton masu bashi, shi da ya fi kowa cancantar zama a sahun gaba. Akwai wani haɗin, wanda masana ke kira haɗin hagu, da ke riƙe kowane layi na jadawalin farko. Ko a nan ma sai an yi hattara, domin gurbin da aka bari fanko ba sifili ba ne a wurin rumbun, sai an umarce shi ya ɗauke shi haka.

Ma'aikatan tarayya sun riga sun ga tasirin lamba ɗaya. A watan Fabrairun 2016, Ma'aikatar Kuɗi ta sanar da cire sunaye 23,846 daga jerin masu karɓar albashi bayan an tantance su da BVN, abin da ya rage kimanin Naira biliyan 2.29 a kowane wata. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagewar a nan ita ce rashin lambar da ke ɗaure mutum ɗaya da duk asusunsa.

Jami'in da aka kawo wa rahoto ba ya buƙatar iya SQL kafin ya kare sa hannunsa. Tambayoyi uku sun ishe shi: wace lamba ce ke bambance mutum da takwaransa? Layuka nawa ne kafin a haɗa jadawalin, nawa ne bayan an haɗa? Su wa suka faɗi a hanya? Daga nan sai ya zaɓi mutum ɗaya, a bi bayanansa da hannu daga takardar asali har zuwa jimilla. Idan lissafin mutum ɗaya ya saɓa, babu dalilin amincewa da na dubu.