Shimfiɗa Tubalin Siminti a Tsakar Gida: Rangwamen Kuɗi da Kiyaye Lafiya

Duk wanda ya yi damina a Dutsin-Ma ko Kurfi ya san halin tsakar gida a watan Agusta: laka ko'ina, ga ruwa kwance a bakin rariya. Kakanninmu sun magance wannan da daɓe, inda mata kan zuba tsakuwar marmara, su yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, su daddaɓe da madaɓi. A yau mutane sun karkata ga malala siminti ko jera tubalan da ake kira intalok. Wanne ya fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi?

A mahangar ilmin halittu, ƙasa aba ce mai numfashi. Tsakanin ƙwayoyinta akwai ƙananan ƙofofi da ruwa da iska ke ratsawa, kuma daga nan ne saiwar itace ke samun iskar oksijin. In aka malale tsakar gida baki ɗaya, an toshe waɗannan ƙofofi. Darbejiyar da ke ba da inuwa za ta takura, saiwarta ta taso ta fasa simintin, ruwa ya kwanta a wurin da ya lotsa. Sauro mai yaɗa zazzaɓi kuwa kwana 7 zuwa 10 sun ishe shi ya tashi daga ƙwai ya zama mai cizo a lokacin ɗumi.

Tubalin da aka jera a kan yashi yana barin ruwa ya tsotse ta tsakankaninsa. In ɗaya ya fashe, shi kaɗai za a sake.

Mai gida na iya buga nasa. A haɗa buhun siminti mai kilo 50 da kwano 4 na yashi mai kaifi da kwano 6 na ƙananan tsakuwa. Wannan zai ba da tubalin da zai rufe kimanin murabba'in mita 2, in kaurinsa santimita 6 ne. Ɗalibai su lura: ba bushewa ke ƙarfafa siminti ba, haɗuwarsa da ruwa ce. Saboda haka a ajiye tubalan a inuwa, ana ba su ruwa safe da yamma na aƙalla kwana 7. Ƙarfinsu yakan kusan cika a kwana 28.

Wajen shimfiɗawa, a daddaɓe ƙasa sosai, a karkatar da ita zuwa rariya da santimita 2 a kowace mita. A baje yashi mai kaurin santimita 3 zuwa 4, a jera tubalan, a share yashi mai laushi cikin tsagoginsu. Gefe kaɗai ke bukatar siminti, don kada jerin ya watse. A bar filin mita guda kewaye da gindin kowane itace.

Ba dole a gama a shekara ɗaya ba. Sannu ba ta hana zuwa: a fara da hanyar ɗaki zuwa madafa da wurin wanke-wanke, tun rani bai wuce ba.