Me Ya Sa Samari Ba Su Manta Da "Bos"?

Duk wanda ya ratsa unguwannin Kakuri, Barnawa da Sabon Tasha, a ƙetaren kogin Kaduna, ba zai rasa ganin ɗakunan da samari ke biyan kuɗi su buga gem ba. Ko da yake ƙwallon ƙafa ta fi cin kasuwa a ciki, in hira ta juya kan wasannin da ke ɗauke da labari, sunan mugu, watau wanda suke kira bos, ya fi na jarumi yawo a baki. Ko me ya kawo haka?

Na farko dai murya ce. A wasan Grand Theft Auto: San Andreas, wanda ya fito a 2004, akwai wani ɗan sanda mai suna Tenpenny, wanda ɗan wasan Amurka Samuel L. Jackson ya ba shi murya. Ba ya cika ɗaga harshe. Cikin raha da zolaya yake ɗora wa jarumin laifin kisan da bai yi ba, don ya mai da shi ɗan aikensa, kuma wannan sanyin baki shi ne abin tsoron. Haka nan a Far Cry 3 na 2012, da Michael Mando ya zo gwajin murya, sai kamfanin Ubisoft ya sake fasalin mugun, aka sami Vaas, ɗan fashin tsibiri mai hira kamar aboki, kafin ya rikiɗe.

Na biyu kuwa dalili ne. Dodon da ke ɓarna ba gaira ba dalili, da an kashe shi an manta da shi. Amma Tenpenny mutum ne da aka ba amana ya ci, yana kuma ganin ba wanda ya isa ya tambaye shi. Ma'aikaci ko ɗalibi ba ya bukatar tafinta kafin ya gane irin wannan hali.

Wannan fasaha ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Wazirin da Alhaji Abubakar Imam ya zana a Magana Jari Ce kwaɗayin gadon sarauta ne ya sa shi ƙulla wa Musa makirci, alhali a gaban Sarki shi mai biyayya ne. Marigayi Kasimu Yero, wanda ya rasu a Kaduna a 2017, mutane da yawa sun riƙe shi a zuci saboda Gaga, halin da ya fito a ciki a wasan talabijin na Cock Crow at Dawn a shekarun 1980.

Don haka ɗalibanmu masu koyon kwamfuta, da ke burin ƙera gem na gida, kada su ƙare ƙarfinsu a kan bindiga da ƙahon dodo. Su fara tambayar kansu: me wannan mugu yake nema, wa ya ɓata masa, kuma da wace murya zai nema? In sun amsa waɗannan, sauran aikin zane ne.