Yadda Ƙungiyar Manoma Za Ta Buɗe Ajin Karatun Manya, da Waɗanda Za Su Taimaka Mata

Manomi ɗan'uwa, tuna ranar da aka kawo wa ƙungiyarku takardar bashin taki. Mutum nawa ne suka karanta ta kafin su dangwala yatsa? A ƙungiyoyi da yawa sakatare kaɗai ke karantawa, sauran su bi abin da ya faɗa. Ranar da ya yi tafiya, komai ya tsaya. In kuwa aka yi rashin sa'a ba mai amana ba ne, sai lokacin biya kowa zai gane abin da ya sa wa hannu.

Wannan matsala tana da magani, kuma akwai hukumomi da ƙungiyoyin da aikinsu ke nan. Sai dai ba kasafai suke zuwa ƙauye da kansu ba. Ƙungiyar da ta shirya ta je ta nema ita ake fara saurare.

Abin da karatu ke tsare maka a gona

Ɗauki buhun taki. Lambobin nan uku na jikin buhun NPK, 15-15-15, suna gaya maka kaso nawa cikin ɗari na kowane sinadari ke ciki. A buhu mai kilo 50, sinadarin da ke sa ganye ya yi kore kilo bakwai da rabi ne kacal. Buhun yuriya kuwa, mai lamba 46, yana ɗauke da kilo 23 na wannan sinadari. Wanda ya iya karanta wannan ya san wane taki zai sa wa masara lokacin shuka, wane kuma zai ƙara mata daga baya.

Haka kwalbar maganin feshi. A jikinta aka rubuta adadin da za a zuba a injin feshi na goyo, ranar da maganin zai daina aiki, lambar rajistar NAFDAC, da kwanakin da za a jira bayan feshi kafin a tsinki tumatir ko a yanki alayyahu. Rashin karanta layin nan na ƙarshe yana iya kai guba cikin tukunyar gidanka.

Sai bashi. A ce ka karɓi naira 100,000, an ce ruwansa biyar cikin ɗari. In a shekara ne, naira 5,000 za ka ƙara. In a kowane wata ne, cikin wata shida ka ƙara 30,000. Kalma ɗaya a takarda ita ta raba su.

Su wa ke wannan aiki?

Na farko, hukumar ilimin manya ta jiharku, wadda mutane suka fi sani da Yaƙi da Jahilci. Sunan ya samo asali tun gangamin da aka yi a Arewa a shekarun 1950. Jihar Kano ta kafa tata hukumar a 1980, sannan gwamnatin tarayya ta kafa ta ƙasa, NMEC, da dokar 1990. Yau jihohi suna da irin wannan hukuma, da jami'ai a ƙananan hukumomi. Wajensu ake samun manhaja, horar da malami, da takardar shaida ga wanda ya kammala. Bayan matakin farko na karatu, rubutu da lissafi, akwai mataki na gaba ga mai son ci gaba.

Na biyu, malaman gona na hukumar bunƙasa noma ta jiha, kamar KNARDA a Kano. Su ba malaman karatu ba ne, amma su ne za su kawo wa ajinku darasin da ya shafi gona. Cibiyar NAERLS da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tana buga ƙasidun noma, har da na Hausa. Ku roƙi malamin gonarku ya samo muku su, su zama abin karantawa a aji.

Na uku, ƙungiyoyin mata da na addini. FOMWAN, wadda aka kafa a 1985, ta daɗe tana buɗe wa matan aure azuzuwa. Makarantun Islamiyya na dare da majami'u su ma suna yin haka a wurare da dama. Ga matan da ba sa fita nesa, wannan hanya ta fi sauƙi.

Na huɗu, ƙungiyoyin asusu. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar: mata su haɗu duk mako, su zuba kuɗi a asusu ɗaya, su ba junansu rance, ƙarshen zango su raba. Daga nan tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da yawa. Taron da ya riga ya saba haɗuwa duk mako shi ya fi saurin zama aji, don kowace tana son ta iya duba lissafin kuɗinta da idonta.

Makiyaya kuma suna da Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1989, hedikwatarta tana Kaduna.

Matakan da za ku bi

1. A taron ƙungiya, ku rubuta sunayen masu son shiga, maza daban mata daban. Ku ware waɗanda suka iya ajami. Mai karanta ajami ya riga ya san yadda baƙi ke haɗuwa da wasali, don haka boko ba ya ba shi wahala sosai.
2. Ku samo wuri tun kafin ku je nema: ajin firamare bayan an tashi, zauren mai unguwa, ko wani gida mai fili domin mata. Ku sanar da mai unguwa ko dagaci tun farko.
3. Ku nemo malami daga cikinku, ko wani matashi ko matashiya da ya gama sakandare a garin. Malamin gida ya fi daɗewa a kan wanda zai riƙa zuwa daga nesa a kan babur. Ajin mata a ba shi malama.
4. Ku rubuta wasiƙa da sunan ƙungiya, ku haɗa da takardar rajistarku da jerin sunayen, ku kai wa jami'in ilimin manya a sakatariyar ƙaramar hukuma.
5. Ku zaɓi lokaci da hankali. Bayan girbi ya fi dacewa a fara. Masu noman rani a sa musu bayan isha'i, mata kuma da hantsi ko bayan la'asar. A kauce wa ranar kasuwa.
6. Kafin a fara, a rubuta wa zai ba da allo da alli, wa zai ba da littattafai, wa zai biya alawus ɗin malami.

Wannan na ƙarshe ku riƙe shi da kyau. Abin da ya fi kashe ajin manya shi ne tsayawar alawus. Shirin tallafi yana da wa'adi, ranar da ya ƙare malami ya koma neman abincinsa. Saboda haka ku yanke tun farko cewa kowane ɗan aji zai ba da tiya ɗaya ko biyu ta hatsi da kaka, a ajiye domin malami.

A kai karatun cikin gida

Awa biyu a aji ba ta isa in ba a taɓa littafi a gida. Ka sayi littafin rubutu guda, ka mai da shi littafin gona. Da daddare ka zauna da ɗanka ko 'yarka mai zuwa makaranta: ranar shuka, kuɗin iri, kuɗin 'yan ƙwadago, buhu nawa aka samu. Da farko yaron zai rubuta kana faɗa. Bayan 'yan watanni kai za ka rubuta, shi ya duba. Uwargida ma ta buɗe shafinta na kuɗin ƙuli-ƙuli, mai ko awaki. Yaro na ganin iyayensa da biro a hannu, shi ma karatunsa zai ƙara ƙarfi. Kada kunya ta hana ka, gemu ba ya hana ilimi.

A yi hattara

Duk wanda ya zo da sunan wata ƙungiya yana neman kuɗin fom mai yawa, ko lambar sirri ta katin bankinka, kada ku ba shi. Ku nemi ya nuna katin aiki, sannan ku tabbatar a ofishin ƙaramar hukuma. Kowace yarjejeniya a karanta ta da ƙarfi a gaban 'yan ƙungiya, a fassara ta da Hausa, kuma ƙungiya ta riƙe nata kwafin.

Idan taronku na gaba ya zo, ku sa wannan magana a kan gaba. Ku fara da jerin sunaye, domin shi ne abu na farko da jami'in zai tambaye ku. Allah ya ba mu damina mai albarka.